Gogayyar tashoshin talabijin kan haska tseren motoci

Gogayyar tashoshin talabijin kan haska tseren motoci ita ce rige-rigen da gidajen talabijin ke yi wajen sayen haƙƙin nuna gasannin tseren mota, da ƙoƙarin da kowace tasha ke yi ta janye masu kallo daga hannun abokiyar hamayyarta. An fi ganin wannan gogayya a gasar Formula 1, wadda ta fi kowace gasar tseren mota yawan masu kallo a duniya, sai gasannin NASCAR da IndyCar na Amurka, da tseren hamada na Dakar wanda ya sha ratsa Jamhuriyar Nijar kafin a ɗauke shi daga Afirka.

A Formula 1 ta yau hoton da kowace tasha ke nunawa kusan guda ne, domin masu gasar da kansu suke ɗauka su rarraba. Inda tashoshi ke bambanta shi ne bakin mai sharhi, da yawan tallan da ake katse tsere da shi, da kuma kuɗin da mai kallo zai biya. Cikin shekaru arba'in da suka wuce gasar ta yi ta ƙaura daga tashoshin da ake kamawa kyauta zuwa na biyan kuɗin wata. A arewacin Najeriya, ciki har da Sakkwato, ta hannun tashoshin tauraron ɗan'adam na biyan kuɗi gasar ke isowa, ko da Ingilishi ko da Faransanci.

Yadda ake sayar da haƙƙin haskawa

Kafin ƙarshen shekarun 1970 babu wani tsari guda. Kowane filin tsere shi ke yin cinikinsa da gidan talabijin na ƙasarsa, tashoshi kuma suna zaɓar tseren da suka ga dama su nuna, su bar sauran. Wanda ya sauya wannan shi ne Bernie Ecclestone, ɗan kasuwa daga Ingila, mai ƙungiyar Brabham, wanda ya zama shugaban haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu motocin tsere ta FOCA a shekarar 1978. Bayan doguwar taƙaddama da hukumar da ke kula da wasan, an sa hannu a yarjejeniyar Concorde a 1981, wadda ta ba FOCA ikon cinikin talabijin. Daga nan Ecclestone ya riƙa sayar da gasar a dunƙule: tashar da ke so sai ta ɗauki alkawarin nuna kakar gaba ɗaya. Wannan sharaɗi ne ya mayar da Formula 1 shirin da mutane suka saba zama su kalla ranar Lahadi, kuma da masu kallo suka yawaita sai kamfanoni suka ƙara zuba kuɗin talla a jikin motocin.

Ana sayar da haƙƙin ne ƙasa-ƙasa ko yanki-yanki, na tsawon wasu shekaru. Wani lokaci tasha ɗaya ce ke riƙe da komai, wani lokaci a raba: wannan ta nuna kai-tsaye, waccan ta nuna taƙaitaccen abin da ya faru bayan an gama.

A da, gidan talabijin na ƙasar da ake tseren a cikinta shi ke ɗaukar hoto ya aika wa duniya, kuma hakan ya jawo ƙorafi mai yawa, saboda daraktoci kan bi motar ɗan ƙasarsu da kyamara ko da ba a wurinsa ake fafatawa ba. Misalin da ya fi muni ya faru a Imola ta ƙasar Italiya ranar 1 ga watan Mayu, 1994, ranar da Ayrton Senna ya yi haɗarin da ya zama ajalinsa. Hoton da gidan RAI ke aikawa ya ci gaba da nuna likitoci suna aiki a kansa a gefen hanya. BBC tana da kyamararta ta kanta a filin, don haka ta kauce ta nuna wani abu dabam, tashoshin da ba su da wannan dama kuwa sai suka nuna abin da aka ba su. Ecclestone ya gwada tashar biyan kuɗi ta kansa mai kyamarori da yawa daga 1996 zuwa 2002, ba ta samu masu saye yadda aka zata ba, aka rufe ta. Amma ma'aikata da kayan aikinta su ne suka zama tushen sashen da ya karɓe ɗaukar hoton kusan dukkan tsere daga 2007. Monako ce ta ƙarshe da ta saki nata, a 2023. Yanzu ana tace yawancin hoton ne a cibiyar gasar da ke Biggin Hill kusa da Landan, ko da tseren a Japan ake yin sa.

Birtaniya: BBC da ITV da Sky

Labarin Birtaniya shi ne wanda aka fi kawowa misali, kuma ya shafi mai kallo a Najeriya, domin sharhin Ingilishin da ake ji a ƙasashe da yawa daga can yake fitowa.

A 1976 BBC ta ƙaurace wa nuna wasu tsere saboda motocin ƙungiyar Surtees na ɗauke da tallan kamfanin kororon roba na Durex, abin da ta ga bai dace a shigar da shi gidajen mutane ba. Sai ga shi a wannan shekarar aka yi zazzafar fafatawa tsakanin James Hunt ɗan Ingila da Niki Lauda ɗan Ostiriya, wadda ba a raba gardamarta ba sai a tseren ƙarshe a Japan. Sha'awar da wannan ya tayar ta sa BBC ta fara shiri na musamman mai suna Grand Prix a 1978, da Murray Walker a matsayin mai sharhi. Bayan Hunt ya yi ritaya a 1979 ya zo ya zauna kusa da shi. Halinsu ya sha bamban, Walker mai ihu da zumuɗi, Hunt mai magana a natse da yanke hukunci ba sani ba sabo, har BBC ta ba su makirufo ɗaya su riƙa miƙa wa juna don kada su yi magana lokaci guda. A farkon shekarun, tseren ƙasashe masu nisa sau da yawa daga ɗakin watsa shiri a Landan suke yin sharhinsa suna kallon allo. Sun yi aiki tare har rasuwar Hunt a watan Yunin 1993.

A ƙarshen 1995 aka sanar cewa ITV, tashar kasuwa da ke rayuwa da talla, ta ƙwace gasar daga BBC kan kuɗin da rahotanni suka ce ya kai fam miliyan 60 na shekara biyar, daga kakar 1997. ITV ta ɗauke Walker, ta haɗa shi da tsohon direban tsere Martin Brundle. Ta faɗaɗa shirin da ake yi kafin tsere, kuma a lokacinta ne Brundle ya fara al'adar ratsawa tsakanin motoci da makirufo yana tare direbobi da manyan baƙi da tambaya mintoci kaɗan kafin a tashi. Walker ya yi ritaya a 2001.

Babbar matsalar ITV ita ce talla, kuma matsala ce da ke cikin tsarin wasan kansa. Ƙwallon ƙafa na da hutun rabin lokaci, dambe na da hutu tsakanin turmi da turmi. Tseren Formula 1 kuwa tafiya ce ta kimanin kilomita 305 ba tsayawa, wadda kan ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa awa biyu. Duk mintin da aka sa talla, an hana mai kallo wani ɓangare na tseren, kuma babu wanda ya san lokacin da injin zai fashe ko wani ya wuce wani. Ranar 24 ga watan Afrilu, 2005, a Imola, Michael Schumacher ya manne wa Fernando Alonso a zagayen ƙarshe-ƙarshe, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. ITV ta yi ta jinkirta tallanta na ƙarshe tana jiran lokacin da ya dace, lokacin bai zo ba, sai ta saka shi ana saura 'yan zagaye a gama. Masu kallo suka kai ƙara wurin hukumar Ofcom, tashar ta ba da haƙuri. A Japan a 2006 ma, lokacin da injin motar Schumacher ya lalace, abin da ya kusan yanke masa ƙaunar cin kofin shekarar, masu kallon ITV talla suke gani. Adalci dai shi ne a ce ITV ta kyautata shirin ta fuskoki da dama, amma waɗannan mintoci su aka fi tuna ta da su.

A watan Maris na 2008 ITV ta sanar da janyewa tun kafin wa'adinta ya cika, ta karkata kuɗinta ga ƙwallon ƙafa. Tserenta na ƙarshe shi ne na Burazil, inda Lewis Hamilton ya wuce Timo Glock a kwanar ƙarshe ta zagayen ƙarshe ya ci kofinsa na farko. BBC ta dawo a 2009 ba talla, ta dawo har da kiɗan buɗe shirin da aka santa da shi tun 1978, The Chain na ƙungiyar Fleetwood Mac. Daɗin bai daɗe ba. An daskarar da harajin talabijin da BBC ke dogaro da shi, kuɗi suka yi mata ƙaranci, sai a watan Yulin 2011 aka sanar da rabon gado: daga 2012 Sky Sports ta biyan kuɗi za ta nuna kowane tsere kai-tsaye, BBC kuma rabinsu kawai. Sky ta buɗe tasha sukutum ta Formula 1, ta ɗauke Brundle da wasu ma'aikatan BBC. A watan Disambar 2015 BBC ta ajiye kasonta shekara uku kafin lokaci, Channel 4 ta ɗauka, kuma duk da cewa tashar talla ce, ta yi alkawarin ba za ta katse tsere da talla ba. Darasin Imola ke nan.

Daga 2019 Sky ta zama ita kaɗai ke nuna gasar kai-tsaye, in ban da tseren Birtaniya da Channel 4 ke nunawa kyauta tare da taƙaitaccen rahoton sauran. An samu togiya guda ranar 12 ga watan Disamba, 2021, lokacin da Hamilton da Max Verstappen suka isa tseren ƙarshe a Abu Dhabi da maki iri ɗaya, 369.5 kowannensu. Sky ta yarda Channel 4 ta haska shirinta kyauta, mutum fiye da miliyan 7 suka kalla a Birtaniya. Masu sukar tsarin biyan kuɗi kan kafa hujja da wannan rana cewa masu sha'awa suna nan, kuɗi ne ya tsare su. Masu kare shi kuma na cewa kuɗin da Sky ke biya su ke ciyar da ƙungiyoyin, kuma ba wata tashar kyauta da za ta iya ware wa wasa ɗaya awannin da take ware masa.

Sauran ƙasashe

Abin da ya faru a Birtaniya ya maimaitu a Turai. A Faransa gasar ta bar TF1 ta koma Canal+ a 2013. A Italiya Sky ta shigo a wannan shekarar ta raba da RAI kafin ta mamaye. A Jamus RTL ta nuna ta kyauta daga 1991 zuwa 2020, wato duk zamanin Schumacher, kafin Sky ta karɓa. A Burazil gidan Globo ya saki gasar a ƙarshen 2020 bayan shekaru masu yawa, Band ta ɗauka.

A Amurka NASCAR ce ta fi farin jini. Tseren Daytona 500 na 1979, wanda CBS ta nuna kai-tsaye daga farko har ƙarshe, ya zo daidai da ranar da dusar ƙanƙara ta tsare mutanen gabashin ƙasar a gida, kuma ya ƙare da haɗari a zagayen ƙarshe da dambe tsakanin Cale Yarborough da 'yan uwan nan biyu Donnie da Bobby Allison a gaban kyamara. Ana ɗaukar ranar a matsayin wadda ta fitar da NASCAR daga kudancin Amurka zuwa ƙasa baki ɗaya. A 2001 aka dunƙule haƙƙin gasar aka raba tsakanin Fox da NBC da TNT, kuma a Daytona 500 na farko da Fox ta nuna ne Dale Earnhardt ya rasu a zagayen ƙarshe. Ita kuwa Formula 1 ta bar NBC ta koma ESPN a 2018. ESPN ba ta kafa masu sharhinta ba, sai ta ari shirin Sky, wanda ba a tsara shi da gurbin talla ba. A tseren farko tallace-tallace suka yi ta faɗowa a tsakiyar magana, tashar ta ba da haƙuri, daga baya ta koma nuna tsere ba katsewa. A watan Oktoban 2025 aka sanar cewa Apple ce za ta riƙe haƙƙin Amurka na shekara biyar daga 2026.

Kamfanin Liberty Media, wanda ya kammala sayen Formula 1 a watan Janairun 2017, ya buɗe manhajarsa ta kallo ta intanet, F1 TV, a 2018. Da wannan mai sayar da haƙƙi ya zama ɗan gogayya da masu sayen haƙƙin a hannunsa, shi ya sa ba a kowace ƙasa manhajar ke nuna tsere kai-tsaye ba.

Talabijin ta shafi har lokacin tashi. Tseren dare na farko, na Singafo a 2008, an sa shi da dare ne don ya dace da rana a Turai. Daga 2018 zuwa 2020 kuma ana tashi ne minti goma bayan cikar awa, domin tashar da ta buɗe shiri daidai kan awa ta samu lokacin gabatarwa.

Afirka da tseren Dakar

Rabon Formula 1 da Afirka tun tseren Kyalami na Afirka ta Kudu a 1993, wanda Alain Prost ya ci. Kafin nan an cire ƙasar daga jadawali daga 1986 zuwa 1991 saboda mulkin wariyar launin fata. Tseren Safari na Kenya, wanda aka fara a 1953, ya dawo cikin gasar rali ta duniya a 2021.

Tseren da ya zo kusa da ƙasar Hausa shi ne na Paris zuwa Dakar. Thierry Sabine ne ya ƙirƙiro shi. Ayarin farko ya tashi daga Paris ranar 26 ga watan Disamba, 1978, ya ratsa Aljeriya, ya shigo Nijar ta Agadas da Yamai, ya bi ta Mali, ya isa Dakar ranar 14 ga watan Janairu, 1979. Tseren hamada ba shi da 'yan kallo a kan kujeru, don haka rayuwarsa kacokan ta rataya ne a kan hoto: jirage masu saukar ungulu na bin motoci da rana, a tace hoton a sansani, a aika Faransa don shirin dare. Tashoshin Faransa sun yi ta karɓar shirin daga hannun juna, daga TF1 zuwa La Cinq zuwa France Télévisions, kuma ta wannan hanya ne miliyoyin Turawa suka fara ganin rairayin Tenere da hasumiyar masallacin Agadas. An soki shirye-shiryen da cewa sun mayar da ƙasashen da ake ratsawa ado kawai a bayan motoci, alhali motocin sun sha kaɗe mutanen ƙauyuka, har da yara. Sabine kansa ya rasu ranar 14 ga watan Janairu, 1986 a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali, tare da mawaƙi Daniel Balavoine da matuƙin jirgin da wata 'yar jarida da wani ma'aikacin rediyo.

A 1997 Agadas ce ta zama wurin juyowa, aka tashi daga Dakar aka koma Dakar. A 2000, a kan hanyar Alƙahira, barazanar hari ta sa aka soke zangon Nijar, aka kwashe motocin da manyan jiragen dakon kaya daga Yamai zuwa Sabha a Libiya. An soke tseren 2008 ɗungurungum saboda matsalar tsaro a Muritaniya, aka mayar da shi Kudancin Amurka daga 2009, sannan Saudiyya daga 2020. Sunan Dakar ne kawai ya rage.

Najeriya da Sakkwato

Talabijin ta fara a Najeriya da WNTV ta Ibadan ranar 31 ga watan Oktoba, 1959, ta iso Arewa da gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna a 1962. Sakkwato ta samu tasha a shekarun 1970, wadda ta shiga ƙarƙashin hukumar NTA da aka kafa a 1977, daga baya gwamnatin jiha ta kafa talabijin ta Rima. Dokar soja ta 38 ta 1992 ce ta buɗe ƙofa ga tashoshi masu zaman kansu. A fagen wasanni hankalin duk waɗannan tashoshi ya fi karkata ga ƙwallon ƙafa, na jiha kuma sukan ƙara da wasannin gargajiya irin su kokawa da dambe da hawan salla.

Gogayyar sayen haƙƙin wasanni da Najeriya ta gani da idonta ma a kan ƙwallo aka yi ta. A 2007 kamfanin HiTV na cikin gida ya ƙwace gasar Firimiyar Ingila daga SuperSport, tashar wasanni ta DStv mallakar MultiChoice ta Afirka ta Kudu. A 2010 SuperSport ta karɓe abinta, HiTV ta durƙushe a 2011. StarTimes ta ƙasar Sin ta shigo a 2010 da haɗin gwiwar NTA da farashi mai sauƙi, MultiChoice ta mayar da martani da GOtv a 2011. A duk wannan fafatawa tseren mota bai zama abin da ake rububi a kansa ba. Formula 1 ta daɗe a hannun SuperSport a ƙasashen kudu da Sahara masu amfani da Ingilishi, kuma tashar tseren ba ta cikin rukunan DStv masu araha. Sharhin da ake ji a cikinta na Sky ne, wato dai muryar Brundle da abokan aikinsa, wadda aka shirya don mai kallo a Ingila.

Sakkwato na da wata ƙofa ta biyu saboda inda take. Daga birnin zuwa Illela, bakin iyakar Nijar da ke fuskantar Birnin Ƙonni, bai kai kilomita 100 ba, kuma a ƙetaren iyakar Canal+ ce ke nuna gasar da Faransanci. Haƙƙin haskawa na bin iyakar da Turawan mulkin mallaka suka shata, don haka Bahaushen Illela da ɗan uwansa na Ƙonni sukan kalli hoto guda na tsere guda, ɗaya da sharhin Landan ɗaya da na Paris, kowa ya biya kamfani dabam da kuɗi dabam, naira da sefa. Wannan rabo ya sauya salo a watan Satumban 2025, lokacin da Canal+ ta karɓi ragamar MultiChoice. Kamfanonin da suka raba nahiyar biyu ta fuskar harshe sun koma hannu ɗaya.

Yawancin matasan Arewa ba a gida suke kallon wasannin ƙetare ba, a gidan kallo ne, inda mai gidan ke biyan kuɗin dikoda da man janareto ya karɓi kuɗin shiga. A nan ne tseren mota ke shan kaye, kuma dalilin agogo ne da lissafi. Galibin tseren Turai na tashi ƙarfe 2 na ranar Lahadi agogon Najeriya, daidai lokacin da ake take wasannin Firimiya na Lahadi in kakar ƙwallo na gudana. Mai gidan kallo da ke da allo biyu ko uku ba zai ba da ɗaya ga abin da mutum biyar za su kalla ba alhali magoya bayan Arsenal ko Chelsea sun cika benci. Tseren Ostireliya da Japan da sassafe suke faɗowa, na nahiyar Amurka kuma galibi da dare. Saboda haka masu bin gasar sun fi dogaro da waya, suna kallon gajerun bidiyon da gasar ke sakawa a YouTube da sauran shafukan sada zumunta. Shirin Drive to Survive da Netflix ta fara a 2019, da kasancewar Hamilton baƙar fata na farko da ya yi tsere a gasar kuma ya ci kofinta sau bakwai, na cikin abubuwan da suka sa sunan Formula 1 ya shiga kunnen matasan Afirka da ba su taɓa kallon tsere cikakke ba.

A cikin gida, abin da ya fi kusa da tseren mota a yankin shi ne ralin motoci da ake haɗawa da bikin kamun kifi na Argungu, wanda ke cikin tsohuwar Jihar Sakkwato har zuwa 1991 da aka ƙirƙiri Jihar Kebbi. Da aka farfaɗo da bikin a watan Maris na 2020 bayan shekaru ba a yi ba, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta shirya ralin daga Abuja zuwa Argungu da motocin da aka harhaɗa a Najeriya. Shugaban hukumar a lokacin shi ne Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, wanda ya yi suna a kamfanin General Motors da zanen motar Chevrolet Volt. Irin wannan rali a matsayin labari tashoshi ke ɗaukar sa, a nuna tashi da isowa da jawabin manyan baƙi, ba hajar da ake sayar da haƙƙinta ba.

Batun harshe

Ƙwallon ƙafa ta samu kalmominta na Hausa ne ta bakin masu sharhi a rediyo, irin na sashen Hausa na BBC da gidajen rediyon jihohi, waɗanda suka yi ta maimaita su har suka zauna: satar gida, bugun kusurwa, bugun tazara, bugun daga kai sai mai tsaron gida. Tseren mota bai samu wannan gata ba, saboda da wasu harsuna yake isowa. Kalmar tsere kanta tsohuwa ce, daga aikatau ɗin da ke nufin kuɓucewa ko wuce wani a guje, kuma Hausa na da sukuwa ga dawaki. Haska, da ake amfani da ita ga nuna wasa a allo, daga haske ta fito, ta bambanta da watsa da ta fi dacewa da rediyo. A Nijar an fi jin tele a maimakon talabijin.

Kayan mota ba su da matsala, domin bakanikai da direbobin tasha sun riga sun gama da su: taya, birki, sitiyari, giya, kwana. Inda giɓin yake shi ne dokokin wasan. Marubutan labarin wasanni da Hausa kan yi bayani ne a maimakon kalma guda. Gurbin da wanda ya fi kowa sauri ranar Asabar ke tashi daga cikinsa sai a ce sahun gaba ko gurbin farko. Tsayawar da mota ke yi a canza mata tayoyi huɗu cikin daƙiƙa biyu zuwa uku sai a ce tsayawar canjin taya. Motar da ke shiga gaban ayari ta rage masa gudu bayan haɗari kuwa, wadda rikicin Abu Dhabi na 2021 ya taso a kan yadda aka yi amfani da ita, wani ya ce motar kariya, wani ya ce motar jan gaba, wani kuma ya bar ta da sunanta na Ingilishi.